Gwaji a kan ɓeraye: me yake iya faɗa mana game da sankara da ciwon zuciya?

Alhaji Sali, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da tambaya ga likitoci da ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu, kuma ina roƙon a amsa mini da Hausar da tsohon malamin firamare zai gane. Duk lokacin da na ji labarin sabon maganin sankara ko na ciwon zuciya a rediyo, ƙarshen labarin ɗaya ne: an gwada shi a kan ɓeraye, ya yi aiki, daga nan kuma ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Na kuma san akwai 'ya'yanmu da suka tafi Faransa da Jamus karatu mai zurfi, aka ce aikinsu shi ne ɗaukar hoton cikin ɓera da na'urorin da kuɗin guda ɗaya zai gina ɗakin shan magani a ƙauye, alhali macen da sankarar mama ta kama a Garwa ko Marwa, idan aka ce tana bukatar a gasa ciwon da na'ura, sau da yawa sai danginta sun sayar da abin da suka mallaka sun kai ta Duwala ko Yawunde. Shin ɓera yana da abin da zai faɗa game da jikin ɗan Adam, ko kuwa Turawa ne suka sami abin da za su riƙa kashe kuɗinsu a kai?

Dakta Hadiza, Liyon

Wa alaikumus salam, Baba. Tunda ni ma ina cikin 'ya'yan da ake magana a kansu, bari in fara. Ɓeran da muke aiki da shi ba na rumbu ba ne. Tun 1909 wani masani a Amurka mai suna Clarence Little ya fara haɗa ɓeraye 'yan uwa ɗaya uba ɗaya suna haihuwa, a sake haɗa 'ya'yansu, har aka kai ga zuriyar da kowane ɗaya a cikinta kusan tagwayen ɗan'uwansa ne ta fuskar gado. Baƙin ɓeran da aka fi amfani da shi a yau, wanda ake kira C57BL/6, ya samo asali daga zuriyar da aka kafa a 1921, kuma a 1929 Little ya kafa cibiyar Jackson a jihar Maine, wadda har yanzu take aika ɓeraye zuwa ɗakunan bincike na duniya. Amfanin wannan shi ne, idan aka ba goma magani aka hana goma, bambancin da aka gani ba za a ɗora shi a kan gado ko abinci ko shekaru ba. A 2002 aka wallafa karatun farko na ƙwayoyin gadon ɓera, aka tarar kusan kowace ƙwayar gado da ke jikinsa tana da takwararta a jikinmu. Ga shi cikinsa mako uku ne, rayuwarsa kimanin shekara biyu, saboda haka cutar da za ta ɗauki shekara talatin a jikin mutum ana iya bin ta daga fari zuwa ƙarshe cikin watanni. Kyautar Nobel ta 2007 an ba da ita ne ga Capecchi da Evans da Smithies saboda dabarar kashe ƙwayar gado guda ɗaya tak a jikin ɓera don a ga abin da rashinta zai haifar.

Batun hoto kuwa shi ne ya sauya aikin. A da, mai son sanin yadda ƙarin sankara yake girma a huhu ko hanta sai ya kashe ɓeraye biyar a makon farko ya buɗe su, ya kashe wasu biyar a mako na biyu, haka har ƙarshe, kamar manomin da yake tuge gyaɗa kowane mako don ya ga ko ta zuba 'ya'ya, wadda ya tuge kuma ta ƙare ke nan. Yanzu ɓera ɗaya ake bi tun ranar da cutar ta fara. Dabarar da na fi aiki da ita ta samo asali ne daga ƙwaron nan mai walƙiya da dare a damina. Ana ɗauko ƙwayar gadon da ke sa shi haske a saka ta cikin ƙwayoyin sankara kafin a dasa su a jikin ɓera. Ranar awo sai a yi masa allurar wani sinadari mai suna lusiferin a ciki, a jira kamar minti goma, a kwantar da shi cikin akwati mai duhu ƙirin wanda ke da kyamara mai kama hasken da ido ba ya gani. Duk inda ƙwayoyin sankara masu rai suke, sai wurin ya haskaka a allon kwamfuta. Nakan ga ɗigon haske ya bayyana a ƙashin cinya ko a huhu tun ɓeran yana ci yana gudu kamar ba abin da ke damunsa, kuma idan magani ya kashe ƙwayoyin, hasken yakan dusashe kafin ƙarin ya fara motsewa. A Jami'ar Stanford aka fara nuna wannan dabara a jikin dabba mai rai a 1995. Ba ta yiwuwa a jikin mutum, domin hasken ba ya ratsa tsoka mai kauri, kuma ba wanda zai yarda a sauya ƙwayoyin jikinsa.

Malam Buba, Garwa

Dakta ta yi bayanin sankara, ni kuma zan taɓa zuciya ta ɓangaren da na sani, domin aikin dabbobi na yi, kuma na riƙe ɓerayen gwajin allurar rigakafi da hannuna. Ɓera babba nauyinsa giram 25 zuwa 30 ne, zuciyarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na giram ba, kuma tana bugawa sau 500 zuwa 600 a minti, ta mutum kuwa 60 zuwa 100. Na'urar ekografi da ake duba masu ciki da ita a asibitocinmu ba za ta nuna komai a kanta ba sai hazo. Tasu tana aiki da sautin da saurin kaɗawarsa ya kai megahaz 30 zuwa 40, ta asibiti kuma 2 zuwa 5. Ana cire gashin ƙirjin ɓeran da man cire gashi, a sa masa iskar barci ta hanci, a manne ƙafafunsa huɗu a kan faranti mai ɗumi wanda ke karanta bugun zuciya, sannan a auna bangon zuciyar da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Abin da na fi so Alhaji ya lura da shi shi ne sauƙin kuskure a nan. Idan iskar barci ta yi yawa ko jikin ɓeran ya yi sanyi, bugun zai sauka, lafiyayyar zuciya ta fito a hoto kamar mai ciwo. Mai hannu biyu daban za su iya auna ɓera ɗaya su sami lamba biyu daban. Saboda haka ba na'urar kaɗai ba ce abin dubawa, har da wanda ya riƙe ta da yadda ya rubuta abin da ya yi.

Dakta Isiyaku, Njamena

Ranka ya daɗe Alhaji, ni ina ganin shakkarka tana da tushe, kuma ba na so ƙanwata Hadiza ta tafi da kai da kyawun na'urori. Cikin kowane magani goma da suka wuce gwajin dabbobi suka shiga gwajin mutane, kusan tara ba sa kaiwa ga kantin magani, kuma a fannin sankara faɗuwar ta fi haka. A 1998 jaridun Amurka sun cika da labarin sinadarai biyu daga ɗakin binciken Judah Folkman a Boston, waɗanda suka hana ƙari samun jijiyoyin jini har ya ɓace a jikin ɓeraye. Da aka zo kan mutane ba su yi abin da aka zata ba. Dalilan a bayyane suke. Yawancin gwaje-gwajen ana yin su ne da ƙwayoyin sankarar mutum da suka shekara da shekaru a kwalba, a cusa su ƙarƙashin fatar ɓeran da ba shi da garkuwar jiki, irin ɓeran nan marar gashi da aka gano a Glasgow a 1962, wanda aka fara dasa masa ƙarin mutum a Danmak a 1969. Ƙarin da ya yi mako uku a ƙarƙashin fatar dabbar da ba ta iya kare kanta ba shi ne ƙarin da ya shekara goma yana ɓuya a maman mace mai 'ya'ya shida ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne cututtukan da nake gani a nan. Sankarar hanta tana kashe mana maza masu shekara talatin da arba'in, kuma manyan dalilanta biyu ne: ciwon hanta nau'in B, da gubar aflatoksin da fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. To, ƙwayar cutar hanta B ba ta kama ɓera ko kaɗan. Gubar kuma, babban ɓera yana da wani sinadari a hantarsa da ke warware ta da sauri, saboda haka yana iya cin abin da zai illata mutum ya tashi lafiya. Da ɓera kaɗai aka tambaya, da ya ce mana gyaɗa mai fumfuna ba ta da laifi. An gano gubar ne bayan talo-talo kimanin dubu ɗari sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da gyaɗa, kuma tabon da take bari a ƙwayar gado ta p53 a hantar mutane aka gano shi a 1991, daga marasa lafiya na kudancin Afirka da na Sin. Haka sankarar Burkitt mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda Kamaru ta san ta sarai: ƙwayar cutar da ke da hannu a cikinta ita ma ba ta kama ɓera. A ɓangaren zuciya, ɓera ba ya toshewar jijiya don kansa. Sai a 1992 da aka kashe masa ƙwayar gado ta ApoE ya fara tara maiƙo a jijiyoyi, kuma ko shi da wuya maiƙon ya fashe ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, abin da ake kira bugun zuciya, shi ya sa ake buɗe ƙirjin matashin ɓera lafiyayye a ɗaure jijiyar da zare. Wanda yake zuwa wurina kuwa dattijo ne mai hawan jini da ciwon suga da ya daɗe bai sha magani ba.

Dakta Hadiza, Liyon

Yaya Isiyaku, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, sai dai hukuncin da ka yanke ya zarce hujjar. Ɓera yana amsa tambayar da aka yi masa ne, kuma tambayar da ya fi iya amsawa ita ce ta yaya abu yake faruwa, ba ko wannan magani zai warkar da wane ba. A 1996 James Allison ya nuna a jikin ɓeraye masu cikakkiyar garkuwa cewa idan aka cire wani takunkumi da ke kan ƙwayoyin garkuwar jiki, su da kansu za su cinye ƙarin. Maganin farko na wannan hanya ya fito a 2011, kuma akwai masu sankarar fata da a da ba su wuce shekara ba, yanzu suna raye bayan shekara goma. Allison da Tasuku Honjo na Japan sun karɓi Nobel a 2018. Ko tunanin Folkman bai mutu ba, domin a 2004 an amince da maganin da ke aiki ta wannan hanya, ko da yake amfaninsa bai kai yadda aka yi ta kururutawa ba. Game da hanta kuwa, sanin dalilin da ya sa gubar ba ta cin ɓera ya taimaka wajen gane yadda hanta take warware ta, kuma yanzu akwai ɓerayen da ake maye ƙwayoyin hantarsu da na mutum, waɗanda cutar hanta B take kamawa. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne, masu kuɗin ne suke zaɓar tambayoyin, kuma tambayoyinmu ba su cika shiga jerin ba.

Hajiya Maryama, Ngawundere

Ni ungozoma ce, ba ni da ilimin ɓeraye, amma ina da cutar da nake so ku gwada wannan gardama a kanta. Mace za ta haihu lafiya, bayan mako biyu ko wata biyu sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagare ta, ba ta iya kwanciya sai a zaune da matashin kai uku a bayanta, tana tari da dare. Dangi su ce sanyin jego ne ko iska, a ƙara mata ruwan zafi. Idan an kai ta asibiti a ce zuciya ce ta buɗe. Tun muna makaranta aka koya mana cewa kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta ne suke jawo shi, amma na ga waɗanda ba su yi ko ɗaya ba sun kamu, na kuma ga ɗaruruwan da suka yi duka ba abin da ya same su. 'Yata Hadiza, ɓerayenku sun ce wani abu a kan wannan?

Dakta Hadiza, Liyon

Mama, da za a ce in zaɓi misali ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, wannan zan zaɓa. Abin da aka koya muku ya fito ne daga binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970, inda suka ga cutar da yawan da ba a saba gani a wani wuri ba, suka danganta ta da gishirin kanwa da zafin jego. Binciken da aka yi daga baya a Nijeriya, wanda likitocin Kano suka jagoranta, bai tabbatar da cewa al'adun ne musabbabi ba. Ya fi nuna rama da talauci da hawan jinin masu ciki, kuma a Nijar da Kano an sami ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu cutar. Gishiri mai yawa dai yana ƙara wa raunanniyar zuciya nauyi, wannan ba gardama.

Labarin ɓeraye kuma a Hanoba ta Jamus ya faru. Denise Hilfiker-Kleiner da abokan aikinta suna da ɓerayen da aka kashe wa ƙwayar gado ta STAT3 a tsokar zuciya kaɗai. Sai suka lura matan cikinsu suna lafiya har su yi ciki, amma bayan haihuwa zuciyarsu ta buɗe, ta kasa harba jini, da yawa su mutu. Ekografi ne ya nuna musu cewa lalacewar tana zuwa ne bayan haihuwa, lokacin shayarwa, kuma wannan lokacin shi ya kai su ga prolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono. Suka gano cewa a zuciyar da ba ta da kariyar STAT3, wani sinadari yana datse prolaktin gida biyu, guntun da ya fita kuma yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da tsokar zuciya. Da suka ba ɓerayen bromokriftin, tsohon magani mai tsayar da prolaktin, cutar ba ta same su ba. An wallafa wannan a 2007, kuma sun sami irin wannan guntun a jinin mata masu cutar. A 2010 Karen Sliwa ta gwada maganin a kan mata 20 a Afirka ta Kudu, rabi suka sha rabi ba su sha ba, waɗanda suka sha suka fi farfaɗowa. Babu yadda za a yi a yanki zuciyar maijego don a bi wannan sawu, shi ya sa nake cewa akwai tambayar da sai ɓera.

Dakta Isiyaku, Njamena

Na karɓi wannan misali, amma Hajiya kada ki ɗauka an gama. Mata 20 ba su isa a kafa hukunci ba, kuma gwajin da ya biyo baya a Jamus a 2017 ya kwatanta masu shan maganin mako ɗaya ne da masu shan mako takwas, babu rukunin da bai sha ba. Shi ya sa likitocin zuciya na Turai suka ce ana iya duba yiwuwar ba da shi, ba su ce wajibi ba ne. Sannan maganin yana ƙafar da nono. A Hanoba wannan ƙaramin abu ne. A unguwar da madarar gwangwani ta fi ƙarfin magidanci, ruwan sha kuma na rijiya ne, hana jariri nono yana iya zama ceton uwa da ran ɗa. Yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini, sai an haɗa shi da maganin tsinka jini. Wannan lissafi ba ɓeran da zai yi mana shi, a kan matanmu za a yi shi, kuma kada kowa ya saya ya ba maijego ba tare da likita ba.

Malam Abdu, Kuseri

Ina bin bayananku da sha'awa, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Shari'a ta halatta kashe ɓera saboda ɓarnarsa, wannan sananne ne. Sai dai ta hana azabtarwa, kuma hadisi ya tabbata cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har a wajen yanka. Kashewa daban, dasa wa dabba ciwo a bar ta da shi makonni daban. Ina so in ji ko masu wannan aiki suna da iyakar da ba sa ƙetarewa.

Malam Buba, Garwa

Allah ya gafarta Malam, akwai iyaka a rubuce. Tun 1959 wasu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idar cewa a maye dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawanta idan babu, a kuma sassauta mata wahala. A ƙasashen Turai ba a fara gwaji sai wani kwamiti ya amince, an kuma rubuta girman da ƙari ba zai wuce ba da ramar da idan dabba ta kai za a kashe ta cikin barci. Hoto ya taimaka a nan ƙwarai, domin ɓeran da ake bi da na'ura ya maye gurbin da yawa da a da za a buɗe, kuma ana ganin cutar ta bazu kafin dabbar ta fara shan wuya. Ban ce kowa yana bin ƙa'idar ba, kuma ɗaure jijiyar zuciya ciwo ne ko an ba da maganin zafi. Ga mai tunanin kafa irin wannan gida a nan kuma, ya sani cewa ɗakin ɓeraye yana bukatar sanyi tsakanin digiri 20 da 24 dare da rana, alhali Garwa tana haura 40 a watan Maris da Afrilu. Na taɓa ganin an ɗauke wuta da tsakar rana, janareta ya ƙi tashi, kafin la'asar aikin watanni ya lalace. Kashe dabba a gwajin da ba zai ba da amsa ba shi ne babban zalunci a wurina.

Nafisa, ɗalibar likitanci, Garwa

Malamaina, ina neman ƙarin haske. Me ya sa ake haɗa sankara da zuciya a bincike ɗaya? A aji darussa biyu ne da ba su haɗu ba.

Dakta Hadiza, Liyon

Ƙanwata, a jikin marar lafiya suke haɗuwa. Doksorubisin, jan ruwan nan da ake ƙara wa masu sankarar mama da yara masu sankarar Burkitt, yana raunana tsokar zuciya gwargwadon jimlar abin da mutum ya sha a rayuwarsa, wani lokaci sai bayan shekaru illar take fitowa. A 2012 aka nuna a ɓeraye cewa idan aka cire wani sinadari guda daga tsokar zuciya, maganin ba ya illata ta, kuma wannan sinadarin ba shi ne wanda maganin ya fi kamawa a cikin ƙari ba, abin da ya buɗe ƙofar kare zuciya ba tare da an kare sankarar ba. Trastuzumab kuwa, maganin sankarar mama da ya fito a 1998, a jikin mata aka fara ganin yana raunana zuciya, sai a 2002 ɓeraye suka bayyana dalili: abin da maganin yake toshewa a kan ƙari, zuciya ma tana bukatarsa don ta jure wahala. Hanyar tana bi ta ɗaya ɓangaren ma. A 2020 masu bincike a New York sun nuna cewa toshewar jijiyar zuciya tana hanzarta girman sankarar mama a ɓeraye ta hanyar sauya garkuwar jiki. A irin wannan aiki ɓera ɗaya ake yi wa hoton haske don ƙarin da ekografi don zuciyar a mako guda, wani lokaci a ƙara da na'urar maganaɗisu da muke kira IRM, wadda ƙarfin maganaɗisun ta ɓeraye yakan kai tesla 7 ko fiye, ta asibiti kuma 1.5 ko 3. Akwai kuma hoton PET mai bin sukarin da aka haɗa da sinadari mai fitar da radiyeshan, tunda ƙari ya fi sauran jiki zarin sukari, amma ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk bayan minti 110, sai inda ake haɗa shi a kusa.

Malam Buba, batun sanyin ɗaki da ka kawo yana da wani ɓangare. Digiri 22 sanyi ne ga ɓera, jikinsa ya fi sakewa a wajen 30, kuma a 2013 an nuna a Buffalo ta Amurka cewa ƙari ya fi saurin girma a ɓerayen da ke ɗaki mai sanyi, saboda garkuwarsu tana raunana. Ke nan ko ma'aunin ɗakin yana shiga cikin sakamakon.

Alhaji Sali, Garwa

Na gode, Allah ya ƙara basira. To, idan yau aka ba jami'ar Garwa ko ta Ngawundere ko ta Njamena kuɗin bincike, ku da kuka san aikin, gidan ɓeraye za ku gina ko me?

Dakta Isiyaku, Njamena

Ni ba zan gina ba, ranka ya daɗe. Zan fara da rajistar masu sankara da ta masu ciwon zuciyar jego, da ɗakin duba tsoka da zai faɗi irin ƙarin da aka ciro, da firji mai wutar rana da za a adana jini da tsokar da masu su suka yarda a adana. Wanda yake da waɗannan shi ne yake zuwa wa masu ɓeraye da tambaya, sunansa kuma ya hau kan aikin.

Dakta Hadiza, Liyon

Ni zan ware kaso kaɗan in horar da mutum biyu ko uku a kan aikin dabbobi, domin muna da makarantar likitocin dabbobi a Ngawundere da ɗakin binciken dabbobi na ƙasa a Garwa, kuma wanda bai taɓa riƙe ɓera ba da wuya ya gane raunin takardar da aka rubuta a kan ɓera. A sauran kuwa ina tare da Yaya. Mama Maryama, ma'aunin da muke bi a zuciyar ɓera shi ne dai wanda ake bi a ta maijego, wato kason jinin da zuciya take harbawa a kowane bugu. A lafiyayyen mutum yakan kai kashi 55 cikin ɗari ko fiye, a wannan cuta kuma yana sauka ƙasa da 45. Duk wadda ta zo miki da kumburi da haki a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, ki tura ta ekografin zuciya, ki roƙi mai dubawa ya rubuta lambar a takarda maimakon ya ce zuciya ta yi rauni kawai, a kuma sake aunawa bayan wata shida, domin da wannan lamba ta biyu ake yanke shawarar ko za ta iya ɗaukar wani cikin.